Tsuntsun da Namijinsa Ke Kwanci



Akwai wata magana da ke yawan fitowa a majalisunmu, ko a teburin mai shayi, ko a rumfa idan ciniki ya lafa. Da an taɓo zancen yara sai ka ji wani ya ce, "Ai reno na mata ne, namiji don nema aka yi shi. Ko a dabbobi haka abin yake. Ka taɓa ganin zakara yana kwanci?" Sai a kwashe da dariya, a shiga wata hirar. Mu ma mun sha yin dariyar nan. Amma a wannan makon muna so mu tsaya a kan maganar mu auna ta, domin da yawanmu da ita muke kare kanmu, kuma waɗanda abin ke faɗawa a kansu, wato mata da yara, ba sa zama a majalisa balle su ce wani abu. Abin da addini ya ce game da haƙƙin 'ya'ya, wannan mun bar wa liman da mumbarinsa. Tamu a nan magana ce ta hankali, kuma za mu auna ta da wani ɗan tsuntsu na nesa da Turawa ke kira falarof.

Falarof ba tsuntsun ƙasarmu ba ne. Yana cikin dangin ƙananan tsuntsayen bakin ruwa, irin masu siririn baki da ke tsintar abinci a gefen tafki. Iri uku ne a duniya. Akwai mai jan wuya, akwai ja wanda kan rikiɗe ya koma ruwan toka idan lokacin saka ƙwai ya wuce, sai na uku da ake kira falarof ɗin Wilson. Biyun farko a can ƙuryar arewacin duniya suke yin sheƙa, a yankunan sanyi na Kanada da Alaska da Girinlan da arewacin Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara. Na ukun kuwa a filayen ciyawa na Amurka da Kanada yake ƙyanƙyasa, sannan ya gangara tafkunan gishiri na Kudancin Amurka, wajen Ajantina da Bolibiya.

Mai jan wuyan tsawonsa santimita 18 zuwa 19 ne, bai kai rabin kamu ba. Nauyinsa giram 30 zuwa 40, wato ƙwan kazar agirik guda ya fi shi nauyi. Yatsun ƙafarsa suna da 'yar fata-fata a gefe, wadda yake tuƙa ruwa da ita. Saboda haka, yayin da 'yan'uwansa na bakin ruwa ke tsayawa a tabo, shi iyo yake yi, kuma iri biyun farko a tsakiyar teku suke cinye yawancin shekara, nesa da kowace gaɓa. Ja ɗin nan wasunsu a tekun Atlantika suke ci-rani, wannan tekun dai da ya taɓa Legas, amma can sama daura da Senegal da Muritaniya, wasu kuma ƙasa daura da Namibiya, inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ɗauke da abinci.

Yadda yake neman abinci ma abin kallo ne. Idan yana kan ruwa marar zurfi sai ya riƙa jujjuyawa a wuri ɗaya kamar katantanwar da yara ke murzawa. Ƙafafunsa suna ture ruwan sama zuwa gefe, ruwan ƙasa ya taso ya cike gurbin, ya taho da ƙananan ƙwari da tsutsotsin ruwa, shi kuma ya riƙa tsince su da baki. Ba ya jiran abinci ya zo, shi ke tado shi.

A tafiya kuwa ba a magana. A shekarar 2012 masu bincike sun ɗaura wa wasu masu jan wuya 'yar na'ura mai nuna inda tsuntsu ya bi, a wani tsibiri da ake kira Fetlar a arewacin Sikotilan. A 2013 aka sake kama ɗaya da na'urarsa. Sai aka ga ya tsallake Atlantika, ya bi gefen gabashin Amurka ya gangara, ya ƙetara zuwa tekun Fasifik, ya yi ci-raninsa daura da Ekwado da Peru, sannan ya dawo tsibirin da ya baro. Tafiyar zuwa da dawowa ta haura kilomita 20,000. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne a mota, ka ga kamar mutum ya je ya dawo sau goma ke nan, da jikin da bai kai ƙwai nauyi ba. Mu da muka baro gida don nema, ba sai an koya mana girmama irin wannan matafiyi ba. Babu wanda zai kira shi rago.

To, wannan gwarzon matafiyi, idan ya isa wurin sheƙa, namijin ne ke kwanci. A wurin falarof mace ce ta fi girma, ita ce mai kwalliya, ita ke bin namiji, har mata kan yi faɗa a kan namiji ɗaya. Namijin launinsa a dushe yake, ya saje da busasshiyar ciyawa, abin da ke taimaka masa ya ɓoye a kan sheƙa. Sheƙar ɗan rami ne a ƙasa kusa da ruwa. Macen takan saka ƙwai huɗu, daga nan ta gama nata. Namijin gashin cikinsa yakan zube a wuri-wuri don fatarsa ta taɓa ƙwan kai tsaye, ya zauna a kai kusan mako uku, ba ya tashi sai ɗan taƙaitaccen lokacin da zai tsinci abinci ya dawo. Idan sun ƙyanƙyashe shi ke tare da su kusan mako biyu, har su kusa tashi. Masana na ganin dalilin wannan tsari yana da alaƙa da gajartar lokacin ɗumi a can da kuma yawan masu cin ƙwai, irin su dila da manyan tsuntsaye. Idan macen ta huta da kwanci, tana iya tara ƙarfin saka wasu ƙwan kafin sanyi ya dawo.

A ƙarni na 19 an yi wani shahararren mai zanen tsuntsaye a Amurka, John James Audubon, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana bin tsuntsaye daji-daji. Da ya zo kan falarof sai ya juya sunayen, mai kwalliyar ya rubuta namiji, marar kwalliyar ya rubuta mace. Idonsa lafiya lau yake. Abin da ya saba gani ne ya yanke masa hukunci kafin ya duba. Irin abin da ke faruwa da mu ke nan a majalisa. Mun tashi muna ganin zakara a tsakar gida, sai muka ɗauka halin zakara shi ne halin duk wani namiji da aka halitta.

Kuma ba sai mun je ƙasar ƙanƙara ba. Duk wanda ya taɓa kiwon tantabara ya san namiji da mace karɓa-karɓa suke yi a kan ƙwai, kuma dukansu ke ɗura wa 'ya'yan abinci. Namijin jimina shi ke kwanci da dare. Takabado, mai dogayen yatsun nan da ke tafiya a kan ganyen bado a fadamunmu, irin na Haɗeja da Nguru, namijinsa ne ke kwanci, har yakan ɗauki 'ya'yan a ƙarƙashin fukafukansa ya yi tafiya da su, ƙafafunsu na reto. Duk suna gabanmu, zakara kawai muka zaɓa saboda shi ne ya yi daidai da abin da muke so.

Yanzu a nan sai mun yi hattara, kada mu gudu daga kuskure mu faɗa cikin irinsa. Wani zai iya cewa, to shi ke nan, tunda namijin falarof yana kwanci, ya wajaba maza su yi reno. Wannan ma hujja ce marar ƙafa. Macen falarof tana barin ƙwanta ta tafi, wasunsu ma su nemi wani namijin su saka masa wasu ƙwan a cikin shekara ɗaya. Akwai wanda zai ce mu yi koyi da wannan? Babu. Haka shi ma mai kafa hujja da zakara, sai ya tuna zakara ba ya biyan haya, ba ya yanka ragon suna, bai ma san waɗanne 'yan tsaki ne nasa ba. Idan ka ɗauki tsuntsu alƙali, dole ka karɓi hukuncinsa duka, ba ka da damar tsintar wanda ya yi maka daɗi.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Namijin falarof bai zauna ya yi shawara ba kafin ya hau ƙwai, macen ma ba ta yi ba kafin ta tashi. Jikinsu ne ke tura su, shi ya sa ba a yabonsa, ita ma ba a zarginta. Mu ne aka ba zaɓi, kuma mai zaɓi shi ake tambaya. Saboda haka iyakar abin da tsuntsun nan ya yi mana shi ne ya ƙwace mana uzuri. Daga yau wanda ya ce halitta ce ta hana namiji kula da ɗansa, ya san ba gaskiya ya faɗa ba. Sauran tambayar, wato me yaro ke buƙata daga ubansa, ta dawo kanmu, mu za mu amsa.

A nan akwai wani abu a sheƙar falarof da ya kamata mu duba da kyau. Uban nan ba ya ciyar da 'ya'yansa. Cikin yini guda da ƙyanƙyashewa suke barin sheƙa, suna tafiya da ƙafarsu, suna tsintar ƙwari da kansu. Abin da ba za su iya ba a kwanakin farko shi ne riƙe ɗumin jikinsu a wannan sanyi. Sai su ɗan yi kiwo su dawo su shige ƙarƙashinsa, su ɗumama, su sake fita. Idan abokin gaba ya doso, shi ke tashi yana kuka yana kewaya wurin, su kuma su lafe a ciyawa. Aikinsa biyu ke nan, ɗumi da gargaɗi, kuma dukansu ba sa yiwuwa sai yana nan kusa.

'Ya'yanmu ba 'yan tsaki ba ne, suna buƙatar a ciyar da su shekara da shekaru, kuma wannan nauyi mun ɗauke shi, ba ma musun haka. Amma mun rage uba ya koma abu ɗaya, mai ajiye kuɗin cefane. Kuɗi ana iya turawa ta waya, ana iya ba direban tirela ya kai. Abin da yaro ke samu idan ya zauna kusa da ubansa, ya ji yadda yake magana, ya ga yadda yake amsa gaisuwar babba, yadda yake haɗiye fushi, yadda yake mayar wa mai saye rarar canjin da ya manta, wannan babu direban da zai ɗauka. Haka gargaɗi. Uban da bai san abokan ɗansa ba, ba zai ga abokin gaba yana tahowa ba, sai dai a kira shi bayan an riga an ci ƙwan. Zuwa da kai ya fi aike.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. "Malam, idan ban fita ba me za su ci?" Gaskiya ne, zomo ba ya kamuwa daga zaune. A cikinmu akwai ɗan dako da ke jiran motar albasa ta iso da tsakar dare, akwai mai gadi da ke kwana a ƙofar wani, akwai mai tura kura da idan bai fita yau ba ba a ɗora tukunya. Irin waɗannan ba mu da bakin yi musu faɗa, sai addu'a Allah ya buɗa musu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba dukanmu ne haka ba. Akwai wanda ke rufe shago kafin isha'i, amma ba ya shiga gida sai sha ɗaya ta wuce, lokacin da yara suka yi barci. Sa'o'in da ke tsakani majalisa ce ta cinye su, ko gidan kallon ƙwallo. Akwai wanda yana cikin ɗakin amma idonsa na kan waya, yaro ya kawo littafi ya nuna masa, ya ce je ka wajen mamanka. Akwai wanda ya san farashin buhun wake a kasuwa uku, amma idan aka tambaye shi ajin da 'yarsa take sai ya leƙa ciki ya tambaya. Wannan ba nema ne ya hana shi ba.

Wani kuma zai ce, ai mu ma iyayenmu ba su zauna da mu ba, ga shi mun zama mutane. A nan ne muke ganin an manta da wani babban abu. A gida, yaro a cikin jama'a yake tashi. Ga kaka, ga baffa, ga goggo, ga matan gida, ga maƙwabcin da zai tsawata masa a kan hanya ba tare da an ji haushi ba. Uba kan yi kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, kuma yaron bai rasa komai ba domin kaka ta riga ta ɗauke shi. Ga gona kuma, inda ɗa ke bin ubansa yini guda yana koyon aiki da hali ba tare da an kira abin reno ba. To mu da muka taho Kudu, kunyar mun taho da ita, amma kaka da gona mun baro su a can. Abin da ya rage shi ne mace ɗaya a ɗakin haya, da yara huɗu ko biyar, a garin da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, wani lokaci ma ba ta jin yaren maƙwabta. Aikin da gida guda ke yi a can, ita kaɗai muka bar wa a nan, sannan idan yaro ya lalace mu ce uwarsa ce ba ta iya tarbiyya ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma mun sani.

Yaro kuwa ba ya zama cikin sanyi. Idan bai samu ɗumi a gida ba zai same shi a wani wuri, a tasha, a bayan kasuwa, a wurin wanda zai saurare shi ya kuma miƙa masa abin da zai sha. Ko ba a kai nan ba, mun ga yaran da suka iya yaren garin nan da Turancin buroka, abin da ke da kyau kuma zai amfane su, amma idan aka miƙa musu waya su gaisa da kaka sai su yi shiru, don babu wanda ya zauna ya yi hira da su da Hausa.

Waɗanda iyalinsu ke Arewa su ma maganar ta shafe su. Ba muna cewa kowa ya kwaso iyali ko ya rufe rumfa ya koma ba, kowa ya san aljihunsa. Amma idan ka kira gida, kada hirar ta ƙare a "kuɗin sun shiga?" Ka ce a ba ka yaron, ka tambaye shi inda ya kai a karatu, ka bar shi ya ba ka labarin da kake ganin shirme ne. Idan ka je hutun Sallah, kada kwana goman su ƙare a zagayen abokai, ka dawo yaranka sun san tsarabarka ba su san ka ba.

Abu na ƙarshe da za mu ɗauka daga falarof shi ne lokaci. A ƙasar da yake sheƙa, ɗumi 'yan makonni ne. Idan ya ce bari in ƙara kiwo in yi ƙiba tukuna, kafin ya dawo ƙwan ya huce, kuma ƙwan da ya mutu da sanyi ba ya farfaɗowa. Mu kan ce bari in tara jari, bari in gama ginin gida, sannan in huta in zauna da yara. Daga yaye zuwa balaga shekaru kaɗan ne, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun ga dattawan da suka gama ginin, suka zauna a falo, suka tarar 'ya'yan sun zama baƙi, ana gaisawa da ladabi amma babu abin faɗa. Shi kansa uban falarof ba ya dawwama da 'ya'yan. Da sun kusa tashi yakan kama hanyar teku, su kuma su biyo baya su kaɗai, su yi tafiyar dubban kilomita babu jagora. Namu ma za su tafi, wasu ma nesa da inda muka zo. Abin da suka samu a 'yan shekarun nan shi za su tafi da shi.

Saboda haka ga 'yar shawara da ba ta cin kuɗi. A makon nan kowannenmu ya zaɓi dare biyu ya shiga gida kafin yara su kwanta, ya ci tuwo da su, ya ajiye waya. Wanda bai san sunan malamin ɗansa ba, na boko ko na Islamiyya, ya tambaya, ya je su gaisa. Idan jariri na kuka uwar tana kan murhu, a ɗauke shi, babu rawanin da zai faɗi. Mu kuma 'yan majalisa, idan ɗayanmu ya miƙe da wuri ya ce zai je wajen yara, kada a bi shi da "mijin hajiya". A ce masa a gaida gida.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a nemanmu, ya saka wa iyayenmu mata da alheri. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.